Me ake nufi da BNP a takardar gwajin zuciya?

Idan mutum yana haki, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, likita kan rubuta masa gwajin jini mai suna BNP. Sinadari ne da tsokar zuciya ke saki idan jini ya miƙar da ita fiye da kima. A ƙwaƙwalwar alade aka fara gano shi a Japan a 1988, amma a jikin mutum ɗakunan zuciya na ƙasa ne suka fi samar da shi.

Tsokar zuciya kamar robar danko take, iya ja iya harbi. Jini ya cika ta, ta miƙe, nan take ta matse da ƙarfi. Ita ce dokar Frank-Starling. Miƙewar in ta ɗore, ƙwayoyin tsokar sai su saki wasu sinadarai biyu, anjiyotensin II da endotelin. Su ne ke sa sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ya taru cikin ƙwayar, shi kuma ya jawo kalsiyam, bugun ya ƙara ƙarfi a hankali cikin minti 10 zuwa 15. Agaji ne na ɗan lokaci. In aka kwashe watanni a haka, tsokar ta yi kauri, tabo ya shige ta, daga baya ta saki kamar robar da ta sha rana. Ga wani sinadarin jiki, aldosteron, yana sa ƙoda riƙe gishiri da ruwa, kaya kan kaya.

BNP shi ne birki: yana sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, jijiyoyin jini su sassauta. Shi ya sa yawansa ke nuna irin matsin da zuciya ke ciki. Ƙasa da 100 pg/ml (ma'aunin yawansa a jini) ga mai haki, da wuya a ce gazawar zuciya ce. Sama da 400, ana kyautata zaton ita ce. Ciwon ƙoda da tsufa na ɗaga shi, ƙiba na rage shi, don haka sai an haɗa da hoton zuciya.

Abin da ya fi damun mu a Katsina da Daura shi ne masu jego. Kanwa cike take da sodiyam, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego da gazawar zuciya bayan haihuwa. Mai jegon da ke tashi tsakar dare tana neman iska, a daina ba ta kanwa, a kai ta asibiti a ranar. Magunguna irin su lisinopril da spironolactone wannan hanya ta anjiyotensin da aldosteron suke toshewa, amma ba a ba mai ciki lisinopril.