Ukiyo-e: abubuwan da Japanawa suka fi zanawa a bugun katako da fenti

Ukiyo-e shi ne sunan zane-zanen da suka yi tashe a Japan a zamanin Edo, wato 1603 zuwa 1868, lokacin da gidan Tokugawa ke riƙe da ƙasar daga birnin Edo, Tokiyo ta yau kenan. Sunan na nufin hotunan duniya mai gushewa, duniyar ado da wasa da shaƙatawa. Wasu da hannu ake zana su a kan siliki ko takarda, amma mafi yawa bugawa ake yi da allon katako da aka sassaƙa, a fitar da kofi ɗaruruwa, kuma kuɗin guda ɗaya bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. Wannan arahar ce ta sa duk abin da ke cikin zanen ya bi abubuwa biyu, abin da mutanen gari za su saya da kuma abin da hukuma ta bari a buga.

Zanen manya daban

Kafin bugun katako ya yi ƙarfi, zane harkar sarakuna ce da gidajen ibada. Sesshu (1420–1506) ya yi suna da zanen duwatsu da koguna da baƙar tawada zalla irin na ƙasar Sin. Akwai kuma gidan Kano, ba Kanon Dabo ba fa, sunan wata zuriyar masu zane ne da suka yi wa shugabannin soja aiki shekaru aru-aru, suna cika ƙofofi da allunan tare ɗaki da manyan itatuwa da shaho da damisa mai ratsi a kan ruwan zinare. Babu irin wannan damisar a Japan, sai dai mai zane ya kalli fatarta da aka kawo ko zanen Sinawa ko ma magen gidansa, shi ya sa da yawansu za ka gansu da fuskar kyanwa. Gidan Tosa kuma labaran fada da mutanen fada suka fi zanawa.

Yadda ake bugawa

Aikin mutum huɗu ne. Mai shagon ɗab'i shi ke zuba kuɗi ya zaɓi abin da za a zana, mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a allon itacen ceri ya sassaƙe ko'ina sai layukan, mai bugawa kuma ya shafa launi ya ɗora takarda ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Kowane launi da allonsa, kuma akwai 'yar alama a gefen kowane allo don takarda ta zauna wuri guda kar launi ya zame. Na farko-farko irin na Hishikawa Moronobu baƙi da fari ne, sai a 1765 Suzuki Harunobu ya fito da mai launuka da yawa.

Mata da 'yan wasa

Waɗannan biyun su suka riƙe kasuwa fiye da shekara ɗari. Edo ta kai mutum miliyan a ƙarni na 18, 'yan kasuwa suna ƙasa a tsarin daraja amma kuɗin na hannunsu, kuma inda suke kashe shi shi ne gidan wasan kwaikwayo na kabuki da unguwar Yoshiwara, inda hukuma ta killace karuwai. Zanen kyawawan mata ana ce masa bijin-ga, gwaninsa Kitagawa Utamaro da ya rasu a 1806, yana matso da fuska kusa ka ga mace tana kallon madubi ko tana karanta wasiƙa, silin gashin goshinta ɗaya-ɗaya masassaƙi ya fitar da shi a katako. Zanen na da kyau matuƙa, amma dole a faɗi cewa yawancin matan Yoshiwara iyayensu ne suka bayar da su tun suna yara saboda talauci, bashi ya ɗaure su shekaru, kuma wannan ɓangaren ba ya fitowa a hoton. Akwai na batsa ma da ake kira shunga, an hana shi a 1722 amma an ci gaba da sayarwa a ɓoye.

Hotunan 'yan kabuki kuwa kamar fostar 'yan fim ce da matasa ke liƙawa a ɗaki, wasa na fitowa hoton na fitowa. Tun 1629 aka hana mata hawa dandamali, don haka matan da ke cikin waɗannan hotunan maza ne suka yi shigar mata. Toshusai Sharaku ya yi aiki wata goma kacal tsakanin 1794 da 1795, ya bar zane kusan 140, bai yi wa kowa kara ba, in ɗan wasa na da dogon hanci ko ƙananan ido haka zai fito da shi. In fitaccen ɗan wasa ya mutu ana buga hoton ta'aziyya mai suna shini-e, sannan 'yan kokawar sumo ma suna da nasu kason.

Hannun hukuma

Daga 1790 sai mai tantancewa ya buga hatimi kafin a fitar da zane. A 1804 aka sa wa Utamaro ankwa kwana 50 saboda ya zana Toyotomi Hideyoshi, wanda ya mulki ƙasar kafin gidan Tokugawa. A 1842 kuma aka hana hotunan 'yan wasa da karuwai gaba ɗaya, to sai Utagawa Kuniyoshi ya dinga zana maguna da kifaye masu fuskar 'yan wasa, kowa a Edo na gani ya san wa ake nufi, amma a takarda dai mage ce. Shi dai wannan Kuniyoshin ne ya yi fice tun wajen 1827 da jarumai masu zane a jiki daga wuya har cinya, wanda ya sa zanen jiki ya ƙara yaɗuwa a tsakanin leburori da 'yan kwana-kwana na birnin.

Dutse, hanya da ruwan sama

Zanen wurare bai zama babban jigo ba sai wajen 1830, kuma abu biyu suka taimaka, mutane sun fara yawan tafiye-tafiye da ziyarar wuraren ibada, sannan wani shuɗin launi da aka ƙirƙiro a Jamus ya shigo da araha, ba ya koɗewa da wuri kamar shuɗin fure da ake amfani da shi a da. Katsushika Hokusai (1760–1849) yana da shekara saba'in ya fara jerin hotunan dutsen Fuji guda 36, da suka karɓu aka ƙara goma suka zama 46. Wanda duniya ta fi sani shi ne na babbar igiyar ruwa a gaɓar Kanagawa, ruwa ya miƙe ya lanƙwaso da kumfa kamar farata, jirage uku na masu kai kifi kasuwa suna ƙarƙashinsa, matuƙan sun duƙa sun manne da jirgi, shi kuwa Fuji mai tsayin mita 3,776 yana can nesa ɗan mitsitsi. Dutsen abin girmamawa ne a addininsu, akwai ƙungiyoyi a Edo da ke tara kuɗi don hawansa, su ma masu saye ne.

Utagawa Hiroshige (1797–1858) shi hanya ya bi. Tokaido ita ce babbar hanya daga Edo zuwa Kiyoto, kusan kilomita 500, da zango 53, ya zana kowane zango ya haɗa da mafari da ƙarshe suka zama 55 a tsakanin 1833 da 1834. A ganina shi ya fi kowa iya yanayi, don a wajensa ne za ka ga 'yan dako, masu masauki na jan hannun matafiyi, dusar ƙanƙara ta rufe ƙauye tsit. A hotonsa na gadar Ohashi na 1857 ruwa ya kece ba zato, mutane na gudu a kan gadar katako, wasu da laima wani ya rufa da tabarma, ruwan kuma siraran layuka ne da aka sassaƙa suna gittawa juna. Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holand, ya kwafe wannan hoton da fentin mai a 1887.

Tsuntsu da fure

Wannan jigon, kacho-ga, ya ratsa zanen manya da na talakawa duka, kuma kusan komai na da ma'ana. Gauraka da kunkuru tsawon rai, gora juriya, kifin koi mai hawan gangaren ruwa ƙoƙari da nasara, furen ceri da ke zubewa cikin 'yan kwanaki kuma gajartar rayuwa. Kowane fure na nuna lokacinsa a shekara, mai kallo na gani ya san wane wata ake ciki.

Fatalwa, cuta da girgizar ƙasa

Lokacin zafi suke son labarin fatalwa, Hokusai ya zana Oiwa, matar da aka lalata wa fuska da guba, fuskarta na fitowa daga yagaggiyar fitilar takarda. Akwai kuma zanen da ake saya don tsari, jajayen hotuna da ake ajiyewa kusa da yaro mai agana saboda sun yi imani cutar na gudun ja, da na ƙyanda a annobar 1862 masu ɗauke da bayanin abin da za a ci da wanda za a guje wa.

Bayan girgizar ƙasar da ta ruguza Edo a 1855, cikin 'yan kwanaki kasuwa ta cika da hotunan wata ƙatuwar tarwaɗa, namazu, wadda a camfinsu tana kwance ƙarƙashin ƙasa, in ta motsa ƙasa ta girgiza. A wasu hotunan jama'a sun taru suna dukanta, a wasu kuma kafintoci da magina ne ke mata godiya don aikin sake gini ya kawo musu kuɗi, har akwai inda ake matse attajirai suna aman zinare talakawa na kwasa. Ba sa hannu ba hatimin tantancewa aka buga su, bayan kamar wata biyu hukuma ta hana.

Ƙarshen zamanin

Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga baƙi a 1859 sai Turawa da jiragensu da tufafinsu suka zama abin zanawa, daga baya jirgin ƙasa da gine-ginen bulo, sannan hotunan yaƙin Japan da Sin na 1894–1895 da aka buga da yawan gaske. Tsukioka Yoshitoshi ya riƙe tsoffin jigogi da jerin hotuna 100 na farin wata da ya kammala a 1892, shekarar da ya rasu, a lokacin kuwa kyamara da injin buga jarida sun riga sun karɓe yawancin aikin da allon ceri ke yi.