Littafin da yaro ke jagorantarsa ba lallai ne na yara ba

An daɗe ana cewa tsofaffin littattafan Ingila masu labarin yara, irin su Oliver Twist, an rubuta su ne don nishaɗin ƙanana. Ba abin mamaki ba ne, domin yawancinmu wanda aka taƙaita muka karanta a makaranta, ɗan siriri mai hotuna.

Charles Dickens, marubucin Oliver Twist, manya ya rubuta wa. Labarin ya riƙa fitowa kashi-kashi a mujalla daga 1837 zuwa 1839, yana sukar dokar talakawa ta 1834 da gidajen da ake tara marasa galihu a sa su aiki. Oliver ɗan shekara tara ne, maraya, yana zaune da wasu yara a irin wannan gida. Kunun da ake ba su bai kai ya kawo ba, har yaran kan kankare kwanukansu da cokali sai sun yi ƙyalli. Ranar da ya roƙi ƙari, kulle shi aka yi. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai, musamman da yake Dickens kansa yana ɗan shekara 12 ya yi aiki a masana'antar man goge takalmi, mahaifinsa na kurkuku saboda bashi.

Tantancewa ba wuya. Duba bangon littafinka ko an ce taƙaitacce ne, sannan ka ƙirga babi: na asalin yana da 53. Duba kuma shekarar da ya fara fitowa, ka nemi abin da ke faruwa a Ingila a lokacin.

Don Allah a tura wa malamai da ɗaliban adabi wannan bayani.