Tsohon Salon Waƙar Bulus da Rakiyar Makaɗan Jaz

Tsohon salon bulus (blues a Turance) waƙar baƙaƙen fatar Amurka ce da ta yi tashe daga 1920 zuwa wajen 1929. Mace ce ke rerawa, 'yar ƙaramar ƙungiyar makaɗan jaz na mara mata baya. Faifan da ya buɗe kasuwar shi ne "Crazy Blues" na Mamie Smith, wanda kamfanin Okeh ya ɗauka a New York ran 10 ga Agusta, 1920. Ganin cinikin da ya yi, sai kamfanoni suka bazama neman zabiyoyi. A 1923 Columbia ya ɗauki Bessie Smith, Paramount kuma ya ɗauki Ma Rainey.

Baiti ɗaya yakan kasance awo 12, kowane awo bugu 4, an kasa shi layi uku. Zabiya ta faɗi layin farko, ta maimaita shi, sannan ta kawo na uku ya warware zancen. Kowane layi yana da awo 4, amma muryarta ba ta cin fiye da biyu da 'yan kai. Gurbin da ya rage na mai busa ne, shi ke yi mata amshi da kornet, ɗan gajeren ƙahon tagulla, ko da turombon, dogon ƙahon tagulla. Nan ake gane gwani. Mai busar da ya shigo kafin ta dire kalma ya danne ma'anar waƙar. Wanda ya ja amshinsa ya zarce kuwa ya tare mata hanyar shiga layi na gaba. Don kada ƙarar ta fi ƙarfin murya, sukan toshe bakin ƙahon da murfin roba, suna buɗewa suna rufewa har sautin ya yi kamar mutum na magana. Faifan "St. Louis Blues" na 1925, inda mai busa kornet Louis Armstrong ke amsa wa Bessie Smith, shi aka fi kafa misali da shi, ko da yake rakiyar a nan mutum biyu ce kacal.

Sauran aikin, wato riƙe bugu, na fiyano ne da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, wani lokaci da tuba, babban ƙahon tagulla. Kafin makirfo ya shigo a 1925, cikin wani babban mazurari ake rera waƙa, ƙarfin sautin ne ke motsa allurar da ke zana kakin faifai. Shi ya sa ake tsayar da zabiya dab da bakinsa, masu busa a tura su baya, babbar ganga kuwa a bar ta, domin dukanta na sa allura tsalle. Fuskar faifai ɗaya ba ta wuce kamar minti 3, dole a rage baitoci.

Karyewar tattalin arziki ta 1929 da shigowar sinima mai magana sun kashe gidajen wasan da zabiyoyin ke zagayawa, cinikin faifai ma ya faɗi. Bessie Smith ta rasu a haɗarin mota a jihar Misisifi a 1937. Ma Rainey kuwa ta rasu a 1939.