Tramol ba ya ƙara wa kowa ƙarfi

A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, tsakanin masu haya da babur da 'yan dako, an daɗe ana cewa tramol ƙarfi yake sa wa jiki. Ba haka ba ne. Tramol, wato tramadol, maganin kashe ciwo ne, dangin mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfi. Gajiyar tana nan, ji ne kawai ya ɗauke. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma ƙwaya ɗaya ta kasuwa kan kai 225, guda biyu ma sun wuce ƙa'ida. Shi ya sa za ka ga yaro ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya.

Abin da ke damuna, iyaye kan kama dukan yaron don ya daina. Amma in mai sha ya daina farat ɗaya, sai zufa, amai da rashin barci. Limamai da masu unguwa su riƙa faɗin wannan a majalisa, a kai yaron asibiti a rage masa sannu a hankali.