Alice Evans

Alice Catherine Evans masaniyar ƙwayoyin cuta ce 'yar Amurka, wadda ta gano cewa ƙwayar da ke sa shanu ɓari tana iya kama mutum ta hanyar shan ɗanyar madara. An haife ta ranar 29 ga Janairu, 1881, a ƙauyen Neath da ke jihar Pennsylvania, a gidan manoma. Koyarwa ta fara yi a makarantar karkara har shekara huɗu, kafin ta shiga Jami'ar Cornell ta sami digiri a 1909, ta ƙara na biyu a Jami'ar Wisconsin a 1910. Digirin dakta kuwa ba ta yi ba, kuma an sha goranta mata wannan daga baya.

Ma'aikatar Gona ta Amurka ta ɗauke ta aiki a sashen madara, inda ta fara da binciken ƙwayoyin da ke ba cuku ɗanɗano. A 1913 aka mai da ita Washington, ta koma nazarin ƙwayoyin da ke cikin madarar da aka tatso yanzu-yanzu.

A wancan zamani akwai cututtuka biyu da kowa ya ɗauka ba abin da ya haɗa su. Ɗaya ita ce zazzaɓin Malta, wanda ya addabi sojojin Ingila a tsibirin Malta. Likitan soja David Bruce ya ciro ƙwayarsa daga saifar waɗanda suka mutu a 1887, kuma a 1905 wani likita ɗan Malta, Themistocles Zammit, ya gano cewa daga madarar awaki ake ɗauka. Ɗayar ita ce ɓarin shanu mai yaɗuwa a garke, wanda likitan dabbobi ɗan Denmark, Bernhard Bang, ya gano ƙwayarsa a 1897. Bruce ya siffanta tasa da mai kewaye, Bang ya ce tasa doguwa ce kamar sanda, sai aka sa su a dangi daban-daban. Likitocin mutane na can da tasu, na dabbobi na nan da tasu, ba wanda ya jera su wuri guda ya duba.

Abin da Evans ta yi ke nan. Ta rene su a ɗakin gwaji ta ga kamanninsu da halayensu kusan ɗaya ne. Ta yi wa ɓerayen Masar masu ciki allurar kowacce, wannan ta sa ɓari, waccan ma ta sa. Ruwan jinin dabbar da ta kamu da ɗaya kuma yana dunƙule ɗayar, alamar jiki da ƙyar yake bambanta su. Ta gabatar da sakamakon a taron masana a 1917, aka buga shi a 1918, tare da gargaɗin cewa ɗanyar madarar shanu na iya sa mutum ciwo.

Ba a karɓa da daɗi ba. Theobald Smith, wanda ake ji da shi a fannin, ya ƙi yarda. Masu sana'ar madara, da suka zuba kuɗi wajen tsabtace shingayensu don su ci gaba da sayar da ita ɗanya, suka zarge ta da yi wa masu ƙera injinan ɗumama madara aiki. Hujjar masu musu ita ce: in da gaske ne, ina marasa lafiyar? Suna nan, sai dai sunan wata cuta ake ba su, domin zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ana ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro ko taifot. A 1920 masanin ƙwayoyin cuta Karl Meyer da abokan aikinsa suka tabbatar da maganarta, suka haɗa ƙwayoyin a dangi guda mai suna Brucella, don tunawa da Bruce.

Ita kanta ta kamu a wurin aiki a 1922, ta yi sama da shekara 20 tana fama. Likitoci sun daɗe suna ce mata raunin jijiya ne kawai, wato dai ita ke raya ciwon a ranta, sai da aka yi mata tiyata kan wata larura aka ga ƙwayar a jikinta. A 1928 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar masana ƙwayoyin cuta ta Amurka, mace ta farko a kujerar.

Daga shekarun 1930 ɗumama madara kafin sayarwa ya bazu a Amurka: a riƙe ta a zafin digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Wannan, haɗe da yi wa shanu rigakafi da fitar da masu cutar daga garke, ya sauko da yawan masu kamuwa daga sama da 6,000 a 1947 zuwa 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka a shekara. A wuraren kiwo na Afirka, har da arewacin Nijeriya da Nijar, cutar tana nan a cikin shanu da awaki, kuma barin madara ta yi tsami bai kai tafasa ta kariya ba.

Evans ta yi ritaya a 1945, ta rasu ranar 5 ga Satumba, 1975, a Alexandria ta jihar Virginia, tana da shekara 94.