Ruwa ya kwanta, amma bai kai na sha ba tukuna

Ranar Talatar da ta wuce na shiga wani ƙauye da ke bakin Gulbin Maradi, can wajen Madarunfa, don in duba wani yaro da aka kawo mana da zawo kwana biyu kafin nan. Kakarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗebo ruwa a randa ta miƙo mini. Ruwan garai-garai, har kana hango gindin moɗar. Na ce, "Inna, daga ina aka ɗebo wannan?" Ta ce, "Tabki, ɗana. Famfonmu ya lalace tun farkon damina. Amma sha abinka, na sa mishi alif." Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini ɗan farin dutsen, ya sulɓe saboda yawan amfani. Na leƙa randar, sai ga jar laka ta kwanta a gindi, kaurinta ya kai na yatsa.

Tsohuwar nan ba sakarai ba ce. Abin da ta yi shi ne matakin farko da manyan ma'aikatun tace ruwa suke yi a birane, kuma da irin wannan alif ɗin. Abin da ya dame ni shi ne ta tsaya a rabin hanya, alhali tana zaton ta kai. Gidaje da yawa da nake shiga a damina haka na iske su.

Ga abin da alif yake yi. Lakar da ke ruwan tabki ƙanana ce ƙwarai, kuma ƙwayoyinta suna ture juna, shi ya sa ko randa ta kwana ruwan ba ya washewa. Idan alif ya narke, sai ya rikiɗe ya zama wani abu mai yauƙi, fari-fari kamar auduga, ya riƙa kama lakar yana dunƙule ta. Da dunƙulen ya yi nauyi sai ya nutse. Ƙwayoyin cuta da yawa suna bin lakar su kwanta, wannan gaskiya ne. Sai dai alif ba ya kashe ko ɗaya. Waɗanda suka rage a sama suna nan da ransu, ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jinsu, kuma sun isa su kwantar da yaro.

Haka zancen yake ga 'ya'yan zogale, tamakar da ta cika gonakin fadamarmu. A ɓare busassun 'ya'yan, a daka su lukui, a dama a cikin ruwa, laka za ta kwanta kamar da alif. Dabara ce mai kyau, ba ta cin kuɗi. Amma ruwan da aka kwantar da zogale ba ya son ajiya, don ɗan garin da ya rage a ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A yi amfani da shi a ranar.

Wani zai ce ai ruwan tabki ma ruwan sama ne, daga Allah yake. Haka ne, kuma lokacin da ya baro gajimare kusan tsab yake. Rana ce ke ɗaga shi daga teku a matsayin tururi, gishiri da ƙazanta su tsaya a ƙasa, iskar damina ta kudu maso yamma ta ɗauko mana laimar tun daga tekun Gine. Ɓacin yana farawa ne da zarar ɗigon ya taɓa ƙasa. Mu nan ruwanmu bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 a shekara ba, amma duka yana zubowa ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma sau da yawa da ƙarfi, lokaci guda. Ba mu manta da ƙarshen watan Agustan 2024 ba, ranar da aka auna kimanin milimita 150 a birnin Maradi cikin ƙasa da awa biyu, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Iyayenmu kuma suna ba da labarin ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon garin da ke cikin kwari har aka tashi aka hau tudu. Irin wannan ruwa ƙasa ba ta iya shanye shi. Gudu yake yi, ya share bayan gari inda ake zagawa, ya bi ta turken dabbobi da juji, ya cika salga ta tumbatsa, sannan ya tattara komai ya zuba a tabki da rijiyoyin da ba su da baki. Kwalarar da ta ɓarke a gundumar Madarunfa a watan Yulin 2018, ta kama dubban mutane, a cikin damina ta zo. Ta sake dawo mana a 2021, nan ma a cikin damina.

To me za a yi? A ci gaba da sa alif, ina goyon bayansa, har ma dole ne idan ruwan ya yi jawur. Dalili kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙarewa ne a kan laka idan aka jefa shi cikin gurɓataccen ruwa, ya rasa ƙarfin yin aikin da aka sa shi. A zagaya dutsen cikin ruwan sau kaɗan a cire, ba a barinsa a ciki. Idan kika ji bauri a baki, ya yi yawa. A bari ya kwanta, a tsiyaye na saman a hankali cikin wani mazubi mai tsabta, a tace da ƙyalle, a zubar da lakar nesa da wurin wasan yara. Sai a yi mataki na biyu, wanda shi ne ake tsallakewa: ko dai a tafasa ruwan har ya yi ta ɓararraka na tsawon minti ɗaya, ko a jefa ƙwayar Aquatabs, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar ruwa, a rufe a jira minti 30. Ƙwayoyin nan girmansu ya bambanta, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya ko guda nawa ake sa wa bido. Akwai kuma garin PUR da ake rabawa lokacin ambaliya, fakiti ɗaya na lita 10, shi yana haɗa ayyukan biyu. Na san itace ya yi tsada, na san wasu ba sa son warin maganin. Warin nan shi ne shaidar cewa yana aiki, kuma yana raguwa idan ruwan ya jima a randa.

Masu rufin kwano kuwa, kuna da arzikin da ba ku lissafa ba. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ne a kan kowane murabba'in mita. Ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5, idan aka yi ruwa na milimita 20, lita 600 ke sauka a kansa, wato bido 24 na lita 25. Wannan ya fi ruwan tabki nesa ba kusa ba. Sai dai kada a tari na farko. Rufin ya sha ƙurar rani, ga kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, a bar indararo ya zubar na ɗan lokaci har ruwan ya washe, sannan a kanga. Tonon da aka tara a rufe bakinsa, don sauro na iya ƙyanƙyashewa a cikinsa cikin mako guda ko kwana goma. Shi ma a sa masa magani kafin a ba yara. Moɗar ɗiba ta zama guda ɗaya, mai dogon hannu, a rataye ta, kada kowa ya tsoma kofin da ya sha da shi.

Idan duk da haka zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, fakitin SRO ɗaya a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ko aka sa wa magani, kaɗan-kaɗan ba tsayawa, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono. Ƙwayar zinc da muke bayarwa a sha ta har kwanakin su cika, ko da zawon ya tsaya. Zawo kamar ruwan wankin shinkafa, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, wannan ba a kwana da shi a gida, ko da tsakar dare ne a taho likita.

Kafin in bar gidan, ni da Inna muka tsiyaye ruwan randar cikin bido, na jefa ƙwayar, muka zauna muna jira. Da minti 30 ya cika ta kurɓa, ta ɗan yatsine fuska ta ce yana warin likita. Sai ta kira jikan nata ta ba shi, ta ce in bar mata na sati biyu, kuma in na koma in faɗa wa masu gyaran famfo cewa har yanzu suna jira.