Ƙarin Fituwitari a Jikin Karnuka

Fituwitari wata 'yar ƙaramar halitta ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda sinadaranta ke sarrafa aikin wasu sassan jiki. Ƙarin da ke fitowa a cikinta ya fi kama karnukan da suka manyanta, kuma yawanci ba na ciwon daji ba ne, sai dai yakan cutar da dabba ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce ta sinadari. Ƙarin yana fitar da wani sinadari da ake kira ACTH fiye da kima, shi kuma ya tunzura halittun adirenal da ke kusa da ƙoda su yawaita nasu sinadarin, wato kotisol, a jini. Wannan ita ce cutar Cushing, wadda ta samo sunanta daga Harvey Cushing, likitan tiyata ɗan Amurka da ya bayyana ta a jikin mutane a 1932. Kusan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na karnukan da ke fama da ita, daga fituwitari matsalarsu take. Kare yakan yi ta shan ruwa da fitsari, cinsa ya ƙaru, ya yi tumbi, gashinsa ya zube a gefuna biyu.

Ta biyu ta fi haɗari. Idan ƙarin ya wuce milimita 10, yakan girma zuwa sama ya danne ƙwaƙwalwa, sai kare ya yi sanyi, ya riƙa yawo ba dalili ko kewayawa wuri guda, wani lokaci ya jingina kai da bango ya daɗe a tsaye. Farfaɗiya da makanta sukan zo, amma ba kasafai ba. Abin takaici shi ne masu karnuka sukan ɗauki waɗannan alamu a matsayin tsufa kawai, alhali karen da ya saba wawurar abinci sannan ya soma ƙin ci yana bukatar likitan dabbobi da gaggawa.

Gwajin jini yana nuna yawan kotisol, amma hoton cikin kai da na'urar CT ko MRI ke ɗauka ne kaɗai ke bayyana girman ƙarin. Magungunan trilostane da mitotane suna rage kotisol ba tare da sun taɓa ƙarin ba, don haka yana iya ci gaba da girma ko da kare ya samu sauƙi. Ana rage babban ƙari ta hanyar gashi da na'ura, kamar yadda ake yi wa masu ciwon daji. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an bunƙasa tiyatar cire fituwitari ta cikin baki tun shekarun 1990, kuma karen da aka yi wa ita zai riƙa shan magungunan maye gurbin sinadarai har ƙarshen rayuwarsa.